Yadda Na Ja Sule Tarwaɗa Zuwa Bakin Ruwa a Makka

Tun da na dawo daga Umara 'yan majalisarmu suka hana ni sakat. Kullum bayan la'asar, da na zauna sai Alhaji Bala ya ce, "To Isiyaku, yaya Makka? Ka ga Sule?" Ni kuwa sai in ce Makka lafiya lau, in miƙa musu dabino, in jawo zancen tsadar taki. Sati uku ina wannan kwana-kwana. Yanzu dabinon ya ƙare, zancen takin ma ya ƙare, saboda haka ga labarin nan na rubuta, don bakina ba zai iya faɗarsa a gabanku ba. Wanda ya karanta ya ga na cancanci zagi, ya zage ni, na ci zagin.

Ga wanda bai san mu ba, mu biyar ne muka tashi tare a unguwa ɗaya a Kano. Muna samari, washegarin kowace Sallah sai mu hau babura biyu, uku a kan ɗaya biyu a kan ɗaya, mu nufi dam ɗin Tiga. Mu sayi karfasa a hannun masunta tana motsi, mu haɗa wuta a kan yashi, mu gasa, mu kwaɗa garin rogo da ƙuli. In mun ƙoshi mu faɗa ruwa. Mu huɗu iyakarmu inda ƙafa ke taɓa ƙasa, amma Sule sai ya nutse a nan ya ɓullo can kusa da kwalekwale yana yi mana gwalo, shi ya sa muka sa masa Tarwaɗa. Ban taɓa jin daɗin duniya irin na waɗannan ranakun ba, har yau da na yi furfura.

Sule ya tafi aikin Hajji shekara ashirin da biyu da suka wuce, bai dawo ba. Ya zauna can ba takarda, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku. Ni kuma na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, da kuɗin sallamata na biya wannan Umara. Da zan tafi abokanmu suka haɗa masa tsaraba: busasshen kifin Tiga, da daddawa, da goro.

Jirgi dai ban ga abin yabo a cikinsa ba. An ɗaure ni a kujera da igiya, an ba ni shinkafar da ko jikana ba za ta ƙosar ba, ga gwiwata ta dama, wadda ta daɗe tana ba ni wahala, ta sage tun kafin mu yi nisa. A Jidda aka ce in ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na ɗora, na'ura ta ƙi karɓa. Jami'in ya goge gilashin, ya goge yatsuna, ya danna su da hannunsa, sai a karo na biyar ta yarda ni mutum ne. Hannun da ya shekara talatin yana murza ƙasa ai ba zane ya rage masa ba. Wajen duba kaya kuma, jami'in yana zuge jakata ƙamshin daddawa ya yi masa sallama, ya ja da baya yana cewa, "Esh hada?" wato mene ne wannan. Na rasa Larabcin daddawa. Wata Bahaushiya mai shara a wurin ce ta cece ni, ta yi masa bayani tana danne dariya. Suka bar mini kifi da daddawa, goro kuwa can na yi bankwana da shi.

A Misfala aka sauke mu, kudu da Harami, mu shida a ɗaki ɗaya. Da safe burodin tamis mai faɗi kamar faifai da wake da aka dama, da shayi a ɗan kofin da bai kai kurɓa uku ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a can rana ce lokacin barci. Da hantsi sai ka ga kantuna a rufe, masu su suna kwance, a gida da an ce musu malalata. Ibadata dai na yi ta, na ga Ka'aba na yi kuka, wannan tsakanina da Ubangijina ne. A rana ta huɗu na kira lambar Sule.

Bai zo da kansa ba. Ya aiko ƙanin matarsa, Abdulmajid, mutum mai kimanin shekara arba'in, haifaffen Makka, yana tuƙa tasi. Hausarsa rabi da rabi ce.

"Ya Hajj, yalla mu tafi. Abu Yasir ba ya zuwa Misfala, askar sun yi yawa a nan, ya'ani mushkila."

Abu Yasir shi ne Sule, da sunan ɗansa na fari suke kiransa. Askar kuma 'yan sanda ke nan. A hanya Abdulmajid ya yi mini bayanin da ya kamata in riƙe da hannu biyu. Duk baƙon da ke zaune a ƙasar sai da katin zama, wanda suke kira igama. Shi da 'yar'uwarsa suna da ita, Sule ba shi da ita. Ranar da askar ya tambaye shi igama ya kasa nunawa, sai tarhil, wato gidan da ake tara mutane kafin a sa su a jirgi a mayar da su ƙasarsu, kuma dawowa sai wani ikon Allah. Matarsa da 'ya'yansa ba su san wata ƙasa ba bayan Makka.

Hindawiyya unguwa ce mai lunguna, ta tuna mini da cikin birni. Muka hau bene hawa uku, ina jan gwiwa, ƙofa ta buɗe, sai ga wani dattijo mai sanƙo da tumbi cikin farar jallabiya. Na tsaya ina kallonsa ina neman Sule a cikinsa.

"Malamin gona!" ya ce. "Har yanzu kana nan da wannan ƙaton kan naka?"

Muka rungume juna, muka yi dariya har ta koma kuka. Matarsa, Ummu Yasir, ta gaishe ni daga bayan labule, ta karɓi kifin, kafin azahar ta yi mana miyar kuka da shi. Sule ya kai loma ɗaya ya ajiye hannu.

"Isiyaku, wannan na Tiga ne. Wallahi na ji ƙasar wurin a cikinsa."

Muka yini muna tuna baya. Ranar da babur ɗin Bala ya mutu muka tura shi tun daga mararraba. Ranar da guguwa ta tafi da wandon abokinmu Ado muka dawo da shi ɗaure da buhu. Sule yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, a lungunan unguwarsu kawai, inda kowa ya san shi. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin ruwa kwance.

"Tun Tiga," ya ce. "Ko tekun Jidda ban taɓa gani ba. Akwai nugɗa a hanya, shingen bincike ke nan."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Mutumin da ruwa ne gidansa, a ce shekara ashirin da biyu bai tsoma ƙafa a kogi ba? Abdulmajid ne ya yi suɓul da baka ya ce akwai wani dam a wani kwari ta hanyar Ɗa'ifa, mutanen gari na zuwa shan iska. Daga nan na kama. Kun san halina, in na kama abu sai ka ce kaska.

Sule ya ce a'a. Ummu Yasir ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce, "Hajj, don Allah a bar wannan magana. In ruwa kuke so ga famfo nan." Muka yi dariya, amma ita ba dariya take yi ba. Kwana uku ina dawowa gidan, kullum da zancen. Na ce masa yini ɗaya ne tak, mu gasa kifi, in ɗauki hotonmu a bakin ruwa in kai wa su Bala. Na ce, "Tarwaɗa, tsoro ya mayar da kai kazar gida." Wannan ce ta soke shi, na ga fuskarsa ta canja, kuma na ji daɗin na yi nasara. Allah ya yafe mini.

Ranar Asabar da hantsi muka fita. Sule ya zauna a baya, ya yafa ɗan mayafin kai irin nasu. Abdulmajid ya bi da mu ta Ka'akiyya, ya yi ta kewaye-kewaye ta ƙananan hanyoyi, duk da haka sai da muka ci karo da motar askar a gefen titi, ana tsayar da motoci ɗaya a bar ɗaya.

"Kada ka kalle su, ya Hajj," in ji Abdulmajid. "Ka duba wayarka."

Na duba wayar, ba na ganin komai a cikinta. Ina jin numfashin Sule a ƙeyata. Aka tsayar da motar gabanmu, mu aka ɗaga mana hannu mu wuce. A nan ya kamata in ce mu juya, amma abin da na ce shi ne, "Ka gani? Ba komai."

Dam ɗin bai kai a kira shi ɗan'uwan Tiga ba. Katanga ce ta siminti tsakanin duwatsu biyu, a bayanta fili mai faɗi na yashi, can a gindin katangar ɗan ruwa kore ya kwanta. Mutanen gari sun ajiye motocinsu a kan tudu, sun shimfiɗa dardumai a saman duwatsu suna shan gahawa, nesa da ruwan. Na yi musu dariya. Ka taso tun daga gari don ruwa, ka zauna inda ko ƙamshinsa ba ka ji? Na ce wa Abdulmajid ya gangara da mu har baki.

"La, ya Hajj. Ba a zama a cikin wadi, ya'ani kwari. An turo saƙo a waya, akwai ruwan sama a duwatsu yau."

Na fito daga mota na ɗaga kai. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu a kanmu. Iska ba ta da ƙamshin ƙasa, gabas a washe. Ga shi watan da muke ciki, a gida rani ya yi nisa, yara na ƙwallo a tsakiyar kogi. Na ce masa, "Abdulmajid, shekara talatin ina gaya wa manoma ranar shuka. In aka yi ruwa a nan yau, ka canja mini suna."

Ya dubi Sule. Sule kuwa ba ya jin mu, idonsa na kan ruwan nan kamar wanda ya hango mahaifiyarsa. Ya ce, "Gangara, sa'a ɗaya ce."

Gaskiya ta sa in faɗa, wannan sa'a ta yi daɗi. Muka hura gawayi, muka gasa kifin da Abdulmajid ya sayo, wani jan kifin teku, da yajin gida. Sule ya tattare jallabiya ya shiga ruwan har gwiwa, sannan ya ɗebo da hannu biyu ya zuba a sanƙonsa. Ya juyo yana dariya irin ta da, na ga yaron da na sani. Na ɗauki hoton.

Muna cikin ci na ji ana ihu daga kan tudu. Wani tsoho mai kiwon awaki yana kaɗa sandarsa yana cewa, "Sel! Sel!" Masu shan gahawa duk sun miƙe suna yafato mu. Na tambayi Abdulmajid me ake cewa, amma ya riga ya zura da gudu wajen mota. Sule ne ya amsa mini, murya ƙasa-ƙasa: "Ambaliya."

Na sake duban sama, har yanzu tas. Sai na ji ƙarar, daga can cikin kwarin, kamar manyan motoci sun jero. Ashe a ƙasar nan ba a kanka ake yin ruwan da zai ci ka ba. Can a duwatsun Ɗa'ifa yake sauka, dutse ba ya sha, sai ya tattaro ya gangaro kwari gaba ɗaya. Baƙo ko da ido makaho ne, ni kuma makahon da ya ƙwace sanda ya ce shi zai yi jagora.

Muka faɗa mota. Abdulmajid ya taka, tayoyin baya suka tona yashi suka zauna. Ya sake takawa, suka ƙara nutsewa. Ya buga sitiyari ya ce, "Halas, shi ke nan, ku gudu!" Tudu na da nisan da bai fi filin ƙwallo biyu ba. Su biyun suka yi gaba, ni na yi taku goma gwiwata ta ce ba da ita ba, na kife a yashi. Ruwan farko ya iso ni a nan, siriri, ja, da kumfa da tarkacen itace, sanyi kamar ƙanƙara.

Na ɗaga kai na ga Abdulmajid ya kusa tudu, Sule na dab da shi. Taku kaɗan ya rage masa ya hau, ya shige cikin jama'a, wani ya rage masa hanya zuwa gida. Ya waiwayo. Na ɗaga masa hannu ya tafi, Allah ne shaidata. Sai na ga ya juyo yana gudu da tumbinsa, ruwa na dukan ƙwaurinsa.

Kafin ya ɗago ni ruwa ya kai cinya, hanyar tudu ta yanke. Akwai wani ƙaton dutse a tsakiyar filin, ya ja ni can, ya tura ni sama da kafaɗarsa, ya hau. Muna kallo ruwa ya ɗaga motar Abdulmajid, ya juya ta a hankali, ya kai ta ya jingine da katangar dam. Saman dutsen bai fi tabarma ɗaya ba, kuma a karkace yake, ga santsi. Ƙafata ta dama ba ta riƙe komai. Sule ya zauna a sama da ni, ya kafa dugadugansa a wata tsaga, ya cusa hannu a ɗamarar wandona ya riƙe.

Daga kan tudu Abdulmajid ya haɗa hannu a baki ya ƙwala mana kira: "An kira masu ceto! Suna hanya!"

Na ji hannun Sule ya motsa a bayana. Na fahimci abin da ya fahimta. Masu ceto ba sa zuwa su kaɗai.

Ta ɗaya gefen dutsen, wajen da babu mutane, gaɓa ba ta da nisa sosai, kuma ruwan bai kai na tsakiya ƙarfi ba. Na ce, "Sule, ka haye ta nan. Ka iya. Ka bi bayan duwatsun nan, Abdulmajid zai nemo ka."

"Na iya," ya ce.

"To tafi mana!"

"In na sake ka, minti nawa za ka yi a nan?"

"Zan riƙe."

"Da me? Kai da ko a Tiga ba ka wuce ruwan cibiya ba."

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da 'ya'yansa, har na zage shi. Wata matacciyar akuya ta wuce ta gabanmu tana juyawa. Ruwa ya hau har yana lasar tafin ƙafata. Shi kuwa sai ya kama ba ni labari, wai ko na tuna ranar da muka manta ashana, muka bi masunta bukka bukka muna roƙon wuta, Ado ya ɗauko garwashi a murfin kwano ya zubar a hanya sau biyu. Ina kuka yana tambayata wa ya ci kan kifin ranar. Na san don kada in saki jiki yake yi. Hannunsa ya sage, ya canja ɗaya, bai daina magana ba. La'asar ta same mu a nan, muka yi ta da ishara.

Masu ceton sun zo da motoci biyu, da motar askar a bayansu. Ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. Wani saurayi ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya shigo ruwan nan da ransa, ya sa mini rigar da ke hana nutsewa, aka ja ni. Ya koma ya ɗauko Sule. Suka lulluɓe mu da barguna, aka ba mu shayi mai zafi, wani ya duba gwiwata. Mutane na ta cewa alhamdu lillahi ala salama. Har na fara sa rai za a bar mu mu tafi haka nan.

Sai wani askar ya zo da takarda, cikin ladabi, ya ce zai rubuta sunayen waɗanda aka ceto. Fasfona na cikin 'yar jakar da ke wuyana, ya jiƙe amma ana karantawa. Abdulmajid ya miƙa katinsa. Askar ya juya wajen Sule.

"Igama, ya ammi?"

Abdulmajid ya fara zuba Larabci, yana nuna motar da ke cikin ruwa, na gane yana so ya ce katin na ciki. Sule ya dafa hannunsa ya girgiza kai. Da sun duba a na'ura ƙaryar ba za ta yi minti ɗaya ba, kuma Abdulmajid ne zai shiga uku. Ya dubi askar ya ce, "Mafi," wato babu.

Askar ɗin ya dubi bargon da ke jikin Sule, ya dube ni. Na matsa ina haɗa Hausa da guntun Larabcin allo, ina cewa mutumin nan ya kai gaɓa ya dawo domina, laifina ne, ni za a kama. Ya saurare ni har na gama, ya ce wani abu a hankali. Abdulmajid ya fassara mini: ya ce ya gani da idonsa, amma ya riga ya sanar a waya cewa mutum uku ne, ba yadda zai mayar da su biyu.

Sule ya cire agogonsa da makullin gida ya ba Abdulmajid. Ni kuma ya ce mini, "Isiyaku, kai za ka gaya mata. Kada ta ji a waya." Aka buɗe masa ƙofar baya ya shiga, jallabiyarsa na ɗigar da ruwa.

Yanzu haka yana tarhil. Na yi sauran kwanakina ina bin Abdulmajid ofis ofis, shi da ya rasa motar da yake ci da ita ta dalilina, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ba mu kuma samo komai ba. An ce za a sa shi a jirgin Kano, ba a faɗi rana ba. Zai sauka da kayan jikinsa, a garin da iyayensa suka rasu ba ya nan, matarsa da 'ya'yansa uku suna can Hindawiyya. Ku shirya, mu huɗu za mu je taryarsa, in ya yarda ya dube ni.

Saura abu ɗaya ban faɗa ba. A ranar, wani mai shan gahawa ne ya rage mana hanya, muka isa gidan ana kiran magariba. Hawa ukun nan na yi su ne da hannu da gwiwa ɗaya. Abdulmajid ya buɗe ƙofa da makullin Sule, ya tsaya a waje. An shimfiɗa ledar cin abinci a falo, da faranti uku a jere. Na yi sallama, Ummu Yasir ta amsa daga bayan labule. Na faɗa mata duka, ban rage komai ba, har maganar kazar gida. Na so ta yi ihu, ko ta tsine mini, da na sami sauƙi. Ina jin ƙaramar 'yarsu tana tambayarta da Larabci ina Baba.

Can Ummu Yasir ta ce, "Hajj."

Na ce, "Na'am."

"Ya shiga ruwan?"

"Ya shiga. Har gwiwa."

"Ya yi dariya?"

Na ce ya yi.

Sai hannunta ya fito ta ƙarƙashin labulen, ta janye faranti ɗaya, ta ce, "Ku ci abinci, kun kwaso yunwa."